Dasashi, Lantarki da Camfin Lamba

A damunar da ta wuce wani yayana, malamin makaranta mai shekara hamsin da 'yan kai, ya kawo mini takardu masu kauri kamar littafi ya ce in duba masa. Ya daɗe yana ganin jini a bakin asuwakinsa duk asuba, haƙoransa biyu na ƙasa kuma sun fara girgiɗi. Maimakon ya nemi likitan haƙori, sai ya shiga wani ɗaki a bayan wani kantin magani, inda aka ba shi sandar ƙarfe ya riƙe a tafin hannu na minti guda. Kwamfuta ta yi 'yar ƙara, injin buga takarda ya zubo da sakamako: hanta, ƙoda, ƙashi, jini, kowanne da lambarsa mai ɗigo da adadi uku a bayan ɗigon. Aka ce ƙarancin kalsiyam ne ke kaɗa masa haƙora, aka sayar masa da ƙwayoyi na kusan rabin albashinsa. Har ya fito daga ɗakin ba wanda ya ce masa ya buɗe baki.

Da na nuna shakka, sai ya ce: "Haba ƙanena, ai na'ura ce, ba ta ƙarya. Mai wurin ma ya ce likitocin Turai da lantarki suke auna haƙori yanzu."

Maganarsa ta biyu tana da gaskiya a cikinta, kuma wannan gaskiyar ce ta sa ta farko ta zama haɗari. Auna yadda naman baki ke karɓar lantarki ilimi ne na haƙiƙa, ya haura shekara ɗari, kuma akwai na'urar da ta fito daga cikinsa wadda likitocin haƙori ke dogaro da ita kullum. Abin da nake jayayya da shi shi ne camfin da ya kama masu ilimi da marasa ilimi baki ɗaya, cewa lambar da ta fito a allon na'ura ta fi hannun likita gaskiya don kawai lamba ce. Lamba ba ta zama hujja sai an amsa tambaya uku a kanta: me ta auna, da me aka gwada ta aka ga ta yi daidai, kuma wane hukunci likita zai sauya saboda ita. Tarihin awon lantarki a dasashi ya isa darasi a kan duka ukun.

Abin da lantarki ke gani a cikin nama

Naman jiki ƙwayoyin halitta ne da ke zaune cikin ruwan gishiri. Ruwan gishiri yana barin lantarki ya ratsa shi cikin sauƙi. Kowace ƙwaya kuma tana lulluɓe da siririn tantani mai maiƙo wanda ke tare lantarki, yana tara caji a fuskokinsa biyu. Idan aka tura lantarki mai kai-komo a hankali, sai ya bi ta tsakanin ƙwayoyin, ya kewaye su kamar yadda ruwan sama ke bin lungunan unguwa. Idan aka ƙara saurin kai-komon zuwa dubbai ko miliyoyi a sakan guda, sai ya fara ratsa tantanin ya bi ta cikin ƙwayoyin kansu. Saboda haka turjiyar da nama ke yi wa lantarki tana sauyawa da saurin kai-komo, kuma yadda take sauyawa yana ba da labarin girman ƙwayoyin, da matsatsinsu, da yawan ruwan da ke tsakaninsu.

Wannan ba sabon sani ba ne. A 1925 Hugo Fricke, a Amurka, ya auna lantarki a cikin jajayen ƙwayoyin jini ya ƙiyasta kaurin tantaninsu da kimanin nanomita 3, tun kafin a ƙera madubin da zai iya nuna tantanin. A 1957 Herman Schwan na Jami'ar Pennsylvania ya tsara matakai uku da turjiyar nama ke raguwa a cikinsu yayin da saurin kai-komo ke ƙaruwa, kuma har yau a kan tsarinsa ake gini.

Dasashin da ya kumbura yana tara ruwa, jijiyoyin jininsa suna buɗewa, haɗin da ke tsakanin ƙwayoyin fatarsa yana sakwarkwacewa. Hankali zai ɗauka cewa turjiyarsa za ta bambanta da ta lafiyayye. A nan begen masu bincike ya ta'allaƙa, kuma ba bege ne na banza ba.

Me ya sa ake neman sabon ma'auni

Dole in yi wa masu wannan bincike adalci, domin ma'aunin da ke hannu yana da rauni. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2022 kan lafiyar baki, ta ƙiyasta cewa cutar dasashi mai tsanani tana damun kusan kashi 19 cikin 100 na manya a duniya, fiye da mutum biliyan ɗaya ke nan. Babban abin da ake gano ta da shi kuwa siririn tsinken ƙarfe ne mai zane-zanen milimita. Wanda Charles Williams ya fitar a 1936 yana nan a faranti har yau, haka ma na Hukumar Lafiya ta Duniya na 1978 mai ɗan dunƙulen kai na rabin milimita. Likita yana zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi ya karanta zurfin ramin. Milimita 1 zuwa 3 lafiya ce. Abin da ya zarce haka, musamman idan jini ya biyo baya, abin lura ne. Ana auna wuri shida a kowane haƙori, wato wuri 168 a bakin mai haƙora 28.

Tsinken yana kuskure. Idan likita ya danna da ƙarfi sai ramin ya ƙara zurfi. A kumburarren nama kan tsinken yana wuce gindin ramin na gaskiya, a lafiyayyen nama kuma yana tsayawa kafin ya kai. Saɓanin milimita guda tsakanin likita da likita abu ne sananne. Shan taba yana rage zubar jini, har ya ɓoye cutar. Babban rauninsa shi ne ɓarnar da ta riga ta auku yake nunawa. Ba ya iya faɗin ko ƙashin da ke riƙe da haƙorin yana zaizayewa a wannan watan. Niklaus Lang da abokan aikinsa a Jami'ar Bern ta ƙasar Suwizalan sun nuna a 1986 cewa ko wurin da ya yi jini a awo huɗu a jere, kimanin kashi 30 cikin 100 ne kawai ke ci gaba da lalacewa.

Amma a dubi ɗaya ɓangaren. Su dai waɗannan masu bincike sun nuna a 1990 cewa wurin da ba ya jini idan an auna shi, kusan kashi 98 cikin 100 yana zama lafiya. Wato mun san inda tsinken ke da ƙarfi, mun san inda yake da rauni, mun san girman kuskurensa da adadi, domin an bi marasa lafiya shekara da shekaru an gani. Ma'aunin da aka san iyakar kuskurensa ya fi wanda ba a taɓa kama shi da kuskure ba saboda ba a taɓa jarraba shi ba. Duk na'urar da za ta karɓi matsayin tsinken sai ta sha irin jarrabawar da ya sha.

Na'urar da ta ci jarrabawa

Akwai wadda ta sha, ta kuma ci. Idan ruɓa ta kai ga jijiyar haƙori, likita yana share siririn ramin da ke cikin saiwar ya cike shi. Wajibi ne ya san inda saiwar ta ƙare. Idan ya tsaya da wuri zai bar ƙwayoyin cuta a ciki, idan ya zarce zai soki naman da ke ƙarƙashi. Idonsa ba ya kaiwa wurin, hoton ƙashi kuma inuwa ce mai fuska biyu ta abu mai fuska uku.

Tun 1918 wani likita Ba'amurke mai suna Custer ya kawo shawarar amfani da lantarki a wannan aiki. A 1942 Suzuki, a Japan, ya gano a gwajinsa kan karnuka cewa turjiyar da ke tsakanin zaruruwan da ke ɗaure saiwa da ƙashi da kuma fatar cikin baki kusan ba ta sauyawa, tana nan wajen om 6,500. A 1962 Sunada ya mai da wannan bincike na'ura: a rataya ƙugiyar ƙarfe a leɓe, a haɗa ɗaya wayar da allurar da ke shiga saiwa, idan ma'auni ya nuna wannan adadi to kan allurar ya taɓa nama.

Na'urorin farko sun ba da kunya. Jini, ko mugunya, ko ruwan wanke ramin, duk suna ɗaukar lantarki, sai na'urar ta ce an iso alhali da sauran tafiya. Masu wannan fanni ba su ɓoye aibin ba, shi suka sa a gaba. A farkon shekarun 1990 Kobayashi da Suda suka zo da dabarar tura lantarki mai sauri iri biyu a lokaci guda, kai-komo 400 da kuma 8,000 a sakan, a raba sakamakon ɗaya da ɗayan. Tasirin ruwan da ke cikin ramin sai ya ragu ƙwarai a cikin rabon. A kan wannan dabara aka gina Root ZX ta kamfanin Morita, kuma na'urorin wannan zamani a mafi yawan lokuta suna gano ƙarshen saiwa cikin tazarar rabin milimita.

A lura da abin da ya sa ta yi nasara. Tambayarta ƙarama ce: kan allurar nan ya fita daga haƙori ko bai fita ba? Amsarta abin tabbatarwa ce, domin an yi ta aunawa a haƙoran da dama za a cire, bayan cirewa a duba a madubi a ga inda allurar ta tsaya. Kuma tana sauya aikin likita nan take. Daga shawarar Custer zuwa na'urar da ake amincewa da ita a jiƙaƙƙen rami an ɗauki fiye da shekara saba'in. Duk da haka likitan kirki yana haɗa ta da hoto.

Irin wannan tawali'un ake gani a Periotron, na'urar da masu binciken dasashi ke amfani da ita tun shekarun 1970. Ana saka 'yar siririyar takarda a bakin dasashi na kimanin sakan 30 ta tsotsi ruwan da ke tsattsafowa, sai a matse ta tsakanin faranti biyu a auna yadda jiƙewarta ta sauya ajiyar caji. Ruwan yakan gaza mikrolita guda. Lambar da ta bayar ba ta da amfani sai an fara daidaita na'urar da ɗigon ruwa da aka san adadinsa. Yawan ruwa kawai take faɗa.

Inda aka tsaya a kan dasashi kansa

Ɗora bakin waya a kan dasashi a karanta lafiyarsa kai tsaye ya fi wannan wuya nesa. Baki wuri ne da ke wahalar da mai awon lantarki. Yawu ruwan gishiri ne, yana buɗe wa lantarki gajeruwar hanya a saman nama har ya ƙi shiga ciki. Danna waya da ƙarfi yana matse ruwa da jini daga wurin ya sauya sakamako, aibin nan dai da ake zargin tsinke da shi. A mahaɗar ƙarfe da jiƙaƙƙen nama ana samun wata turjiya ta dabam da kan rinjayi ta naman, shi ya sa masu bincike na ƙwarai ke amfani da baki huɗu, biyu su tura lantarki biyu su auna. Dasashi siriri ne, ƙashi da saiwa na kusa a ƙarƙashinsa, ga cikon ƙarfe a maƙwabtaka. Fatar baki ma ba iri ɗaya ba ce: ta dasashi da ta ganɗa suna da tauri a sama, ta kumatu da ta ƙarƙashin harshe suna da laushi. Masu bincike a Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin, ciki har da Ingrid Nicander da Stig Ollmar, sun auna wurare shida a lafiyayyun bakuna a 1997, suka tarar da bambanci tsakanin wuri da wuri. Ke nan ba wata lamba guda da za a kira ta lambar lafiyayyen baki.

An samu ci gaba a maƙwabtan fannoni. Aikin Ollmar a kan fatar jiki ya haifar da Nevisense, wadda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2017 a matsayin mataimakiyar likitan fata wajen yanke shawarar ko a yanki tabo a kai ɗakin gwaji. A Jami'ar Sheffield ta Ingila, inda aka ƙirƙiro irin wannan awo don bakin mahaifa, an gwada shi a kan raunukan baki a wani bincike na 2014, aka ga bambanci tsakanin sankara da lafiyayyen nama. Wannan abin ƙarfafa gwiwa ne. Amma da masana dasashi na Amurka da Turai suka taru a Chicago a 2017 suka sake tsara rabe-raben cutar, a kan tsinke da hoton ƙashi da tarihin mara lafiya, kamar shan taba da ciwon sukari, suka gina hukuncinsu. Awon lantarki bai samu gurbi ba.

Ƙorafina ga masu bincike da 'yan jaridar da ke yayata su a nan yake. Nuna cewa matsakaicin sakamakon masu cuta ya bambanta da na masu lafiya shi ne mataki mafi sauƙi, kuma mafi ƙarancin amfani. Kumburarren dasashi mai jini, ɗalibin shekarar farko ma zai gane shi da ido. Abin da likita ke buƙata shi ne a gaya masa wanne daga cikin ramuka biyu masu zurfin milimita 5 zai ci ƙashi nan da shekara, wanne zai zauna lafiya. Amsa wannan tana buƙatar a auna mutane da yawa, a rufe sakamakon, a bi su tsawon lokaci, sannan a buɗe a gani ko na'urar ta faɗi abin da tsinke bai faɗa ba. Kafin a yi haka, duk wanda ya rubuta cewa an samu magajin tsinke ya riga malam masallaci.

Waɗanda suka tsallake jarrabawar

Gaggawar masana tana da farashi, domin 'yan damfara da kalmomin masana suke ado. A shekarun 1950 wani likita Bajamushe, Reinhold Voll, ya ƙera na'urar auna turjiyar fata mai ma'auni daga 0 zuwa 100, ya ce 50 ita ce lafiya, kuma kowane gurbi a fatar yatsu yana ba da labarin wata gaɓa ta cikin jiki. Mabiyansa suka zana taswirar da ke haɗa kowane haƙori da hanta ko ƙoda ko zuciya. Na'urar tana auna wani abu da gaske, wato damshin fata da ƙarfin dannawar mai riƙe da ita. Da aka jarraba wata jikanyarta a Southampton, a binciken da mujallar likitocin Birtaniya ta buga a 2001, inda aka ɓoye wa masu awon ko wane ne mai cuta, ta kasa bambance masu borin jini da marasa shi.

A Amurka, Hal Huggins na jihar Colorado ya yi suna da auna ɗan lantarkin da ke fita daga cikon haƙori mai zaiba, yana tsara cire cikon bisa abin da ma'auninsa ya nuna, yana danganta manyan cututtuka da shi. Gaskiya ne ƙarfe iri biyu a cikin yawu suna haifar da ɗan lantarki, duk mai ciko da ya taɓa tauna takardar gwangwani ya ji shi. Gaskiya ne kuma duniya tana rage amfani da cikon zaiba a ƙarƙashin Yarjejeniyar Minamata ta 2013, mafi yawa don kare muhalli. Amma daga wannan zuwa cewa ma'aunin ya gano sanadin ciwon jijiya akwai rata mai faɗi da ba hujjar da ta cike ta. Hukumar likitocin haƙori ta jihar ta ƙwace lasisinsa a 1996.

Sandar da yayana ya riƙe daga wannan zuriya ta fito. Bambancinta da na'urar Sunada ba ya cikin waya ko allo. Ita ta Sunada ta yi tambaya guda ta yarda a kama ta da kuskure. Wannan kuwa tana amsa tambaya arba'in a minti ɗaya, kuma ba ta taɓa tsayawa gaban alƙali ba.

Wani zai ce tsananin da nake nema zai kashe wa masu ƙirƙira gwiwa, kuma a ƙasashen da likitocin haƙori suka yi ƙaranci, na'ura mai rauni ta fi babu. Ban yarda ba. Inda likita ya yi ƙaranci nan ne kuskuren na'ura ya fi tsada, domin ba mai gyara shi. Idan ta ce lafiya alhali akwai cuta, mutum zai koma gida ƙashinsa na zaizayewa, kuma ƙashin da cutar dasashi ta cinye ba kasafai yake dawowa ba. Idan ta ce cuta alhali lafiya, an kwashe kuɗin cefane a banza. Tsinken awo ba ya buƙatar batir ko wutar lantarki, ana tafasa shi a sake amfani da shi shekaru, kuma ana iya koya wa ma'aikacin lafiyar haƙori sarrafa shi. Ina fatan ranar da awon lantarki zai gaya mana wane dasashi ne ke cikin haɗari kafin ƙashi ya tafi, kuma ina ganin ya cancanci a zuba masa kuɗin bincike. Sharaɗin dai shi ne wanda na'urar saiwa ta cika.

Na raka yayana asibitin haƙori bayan sati biyu. Likitar ta zaunar da shi, ta ɗauki tsinke, tana aunawa tana faɗa wa mataimakiyarta lambobi: uku, uku, huɗu, shida da jini, bakwai da jini. Ta ɗauki hoto, ta tambaye shi ko yana yawan jin ƙishirwa da fitsarin dare, ta tura shi gwajin sukari, wanda ya fito sama da ƙima. An kankare masa dattin da ya daskare a ƙarƙashin dasashi a zama biyu. Haƙori ɗaya ya tsira, ɗayan an cire shi, domin ƙashin da ke riƙe da shi ya riga ya ƙare.

Takardun nan masu kauri suna nan a aljihun teburina. Na sake karanta su daga farko har ƙarshe, shafin sukarin jini ya ce komai daidai.